Zato, zargi da tuhuma: amsoshi kan maganganun da ake yi idan ana shari'ar guba

Wasiƙun da suka iso mini a 'yan kwanakin nan daga masu karatu a Abuja da kewaye sun haɗu a kan abu ɗaya, wato irin kalmomi da karin maganar da jama'a suke jifan mutum da su idan an gurfanar da shi gaban kotu bisa tuhumar sanya wa wani guba a abinci. Shari'ar guba tana jan baki fiye da sauran shari'o'in kisa, domin yawanci babu wanda ya ga lokacin da aka aikata abin, kuma wanda ake kallo da laifin na cikin gida ne, ko mata, ko kishiya, ko mai aiki, ko abokin da ake cin tuwo tare da shi. Da yake ido bai gani ba, sai mutane su koma tonon halin wanda aka kama.

Wata malamar makaranta daga Kubwa ta rubuto cewa: "Malam, ina jin masu karanta labarai wani lokaci su ce wadda ake zargi, wani lokaci kuma wadda ake tuhuma. Shin ma'anarsu ɗaya ce? Ina kuma matsayin zato a tsakaninsu?"

Malama, ba ɗaya ba ne, ko da yake a hirar yau da kullum akan sa wannan a wurin wancan. Zato shi ne na farko, kuma a zuci yake zaune. Abu ne da ya ɗarsu a ran mutum ba tare da tabbaci ba, yana iya zama na alheri yana iya zama na sharri, shi ya sa muke da kyautata zato muke kuma da munana zato. Idan mugun zato ya fito baki ya sauka a kan wani mutum takamaimai, to ya zama zargi. Wannan kalma tana ɗauke da ma'ana biyu da ya kamata a lura da su. Akwai tsammanin laifi, kamar a ce "ana zarginsa da sata", akwai kuma ganin laifi, kamar a ce "ya yi abin zargi" ko "kada ki zarge ni, ba da gangan na yi ba". Saboda ma'anonin biyu suna zaune a kalma guda, mai sauraro yakan ji an ce ana zargin wance, sai kunnensa ya kai masa cewa an riga an ga laifinta, alhali mai karanta labarin tsammani kawai yake nufi.

Tuhuma kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma a Hausar kotu da ta rediyo ta zama sunan zargin da hukuma ta rubuta ta kai gaban alƙali, aka karanta wa mutum, aka tambaye shi ko ya amsa ko bai amsa ba. Ko a maganar gida, idan mutum ya ce "mahaifina ya tuhume ni", yana nufin an titsiye shi da tambaya ana neman bayaninsa. Ke nan a cikin kalmar kanta akwai jiran amsa, kuma wanda ake jiran amsarsa ba a gama da shi ba. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 kuma ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifin ta yadda ba za a bar wata shakka mai ma'ana ba. Masu karatun addini sun san hadisin da ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Idan aka tuna cewa sashe na 221 na dokar hukunta laifuka ta Penal Code, wadda ake aiki da ita a Abuja, hukuncin kisa ya tanada ga wanda aka samu da kisan kai da gangan, za a gane dalilin da ya sa ba a wasa da tazarar da ke tsakanin waɗannan kalmomi.

Hausawa suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Tushen maganar yana cikin Suratul Hujurati, aya ta 12, inda aka ce sashen zato zunubi ne. Ƙarin da Bahaushe ya yi, "ko da ya zama gaskiya", shi ne wurin da hikimar take, domin yana nuna cewa aibin yana ga hanyar da aka bi, kuma dacewa da gaskiya daga baya ba ta wanke wanda ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci ba tare da hujja ba.

Wani ɗan kasuwa daga Dei-Dei ya tambaya: "Malam, mene ne bambancin guba da dafi da sammu?"

Alhaji, guba ita ce abin da ke cutarwa ko kashewa idan an ci ko an sha ko an shaƙa. Dafi ya fi tafiya da abin da ke shiga jiki ta sara ko harbi, kamar dafin maciji, na kunama, da wanda maharba suke shafa wa kibiya. Sammu asalinsa kalmar Larabci ce mai nufin guba, amma a bakin Hausawan yau ya karkata zuwa ga asiri da jifa, abin da likita ba ya iya gwadawa, kotu kuma ba ta iya aunawa. Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa kalmar guba ita kaɗai ba ta nuna akwai mai laifi. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 daga aikin haƙar zinariya ta fito. Rogon da ba a sarrafa shi sosai ba yana da guba, haka waken da aka adana da maganin ƙwari fiye da ƙima. Don haka "ya ci guba" daban, "an ba shi guba" daban. Wannan ƙaramar "an" ta jimla ta biyu ba ta ambaci kowa ba, amma ta riga ta tabbatar da cewa akwai hannun wani, kuma da yawa daga cikin masu yaɗa labari suna tsallakawa daga jimlar farko zuwa ta biyu tun kafin sakamakon gwajin asibiti ya fito.

Tambaya ta uku ta zo daga wata uwar gida a Nyanya, kuma ita ce ta fi damuna: "Malam, idan aka nuna hoton matar da ake tuhuma, sai ka ji mata suna cewa dubi idonta babu ko hawaye, labarin zuciya a tambayi fuska. Wasu su ce dama an san ta da faɗa, hali zanen dutse. Wasu kuma su ce biri ya yi kama da mutum. Ashe ba gaskiya iyayenmu suka faɗa ba?"

Hajiya, gaskiya suka faɗa, amma kowace karin magana tana da muhallinta, kuma fitar da ita daga muhallin yakan mayar da ita makami. Labarin zuciya a tambayi fuska magana ce ta zaman tare. Uwa ce take duban 'yarta da ta zo ganin gida ta gane akwai damuwa, ko miji ya dubi matarsa ya san ranta a ɓace yake, domin sun san yadda fuskar take a ranar daɗi, suna da abin kwatantawa. Wanda bai taɓa ganin mutum ba sai a hoto guda, wanda aka ɗauka a harabar kotu bayan an kwana da shi a tsare, ba shi da wannan ma'auni. Ki ƙara da al'adarmu ta kunya. Mun tarbiyyantar da 'ya mace a kan ta sunkuyar da kai gaban manya, kada ta haɗa ido da namiji baƙo, kada ta ɗaga murya. Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya cikin siffofin da Hausawa suke auna kirki da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri. To yaya za mu koya wa yarinya sunkuyar da kai, sannan ranar da ta sunkuyar gaban alƙali mu ce rashin gaskiya ne ya hana ta ɗagowa? Idan kuma ta ɗago ta yi magana da ƙarfin zuciya, sai a ce idonta ya bushe. Ma'aunin da duk ta inda mutum ya bi sai ya kama shi bai cancanci a dogara da shi ba. Haka batun yake ga karin maganar da ke cewa marar gaskiya ko a ruwa gumi yake yi. Ta faɗi halin marar gaskiya, ba ta ce duk mai gumi marar gaskiya ba ne, kuma mai gaskiyar da aka tsayar gaban kotu a karon farko a rayuwarsa shi ma jikinsa yana rawa.

Hali zanen dutse tana nufin ɗabi'ar da mutum ya ginu a kanta tana da wuyar kankaruwa, kuma akan faɗe ta ne don a yi haƙuri da mutum ko a yi hattara da shi a mu'amala. Ba ta ce mai faɗa yana kisa ba. Tsakanin mace mai zafin baki da mace mai zuba shinkafar ɓera a miya akwai tafiya mai nisa, kuma unguwanninmu cike suke da masu zafin bakin da suka tsufa ba su taɓa cutar da kowa ba. Doka ta gane haɗarin wannan tsallake. Sashe na 82 na dokar shaida ta 2011 ya hana a kawo shaidar mugun halin wanda ake tuhuma a shari'ar laifi, sai a wasu wurare da aka keɓe, misali idan shi da kansa ya fara kawo shaidar cewa shi mutumin kirki ne. Abin da alƙali yake son sani shi ne wace guba ce, ta ina ta shiga abincin, wa ya saye ta, wa ya taɓa tukunyar, da wace niyya.

Biri ya yi kama da mutum kuwa ana faɗinta ne idan alamu suka fara dacewa da abin da ake tsammani, kuma ita kanta ba ta wuce kama ba. Masu hikimar da suka bar mana ita su ne suka bar mana amsarta, cewa kama da wane ba wane ba ne. Haka karin maganarmu take zuwa sau da yawa, ɗaya tana jan ɗaya. Wanda ya ce ruwa ba ya tsami banza ya yi gaskiya, domin lallai akwai sanadin mutuwar, sai dai maganar ba ta faɗi abin da ya tsamar da ruwan ba, balle ta nuna wanda ya sa shi.

Wani ɗalibi daga Gwagwalada ya rubuto cewa: "Malam, idan an kama wanda ake tuhuma da ƙarya a wani abu, ba shi ke nan ba? Ai ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ɗalibi, ma'anar karin maganar ita ce ƙarya ba ta da nisa, mai yin ta zai kai bango a tono shi. Ta yi magana a kan makomar ƙaryar, ba ta yi magana a kan dalilin yin ta ba. Ƙarya tana rage amincin mutum, wannan babu musu, kuma alƙali yana da damar ya ƙi yarda da bayanin wanda ya saɓa wa kansa. Amma mutane suna yin ƙarya don tsoro, don kunya, don rufa wa wani asiri, ko don ɓoye wani laifi dabam da wanda ake tuhumarsu da shi. A jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya, wata mata ta shirya wa dangin mijinta abincin rana a watan Yuli na 2023, uku daga cikin baƙinta huɗu suka mutu saboda naman kaza mai guba, wato tsiron nan mai kamar lema, da ke cikin abincin. A shari'ar da aka yi a 2025 ta amsa da bakinta cewa ta yi wa 'yan sanda ƙarya a wasu abubuwa, ta ce tsoro ne ya sa ta. Duk da haka sai da aka shafe makonni ana sauraron likitoci, masana guba da masu binciken waya da kwamfuta kafin a same ta da laifi a watan Yuli na wannan shekarar. Da ƙarya kaɗai ta isa hujjar kisa, da ba a buƙaci wannan dogon aiki ba. Haka kuma shiru. Muna cewa shiru ma magana ce, amma sashe na 36(11) na tsarin mulki ya hana a tilasta wa wanda ake yi wa shari'a ya ba da shaida, don haka ba a gina hukunci a kan shirunsa kawai.

Ka kuma kula da kalmomin da ake rufe shari'a da su, domin nan ma ana cakuɗa su. "An same shi da laifi" hukunci ne, "an wanke shi" ma hukunci ne, amma "an janye tuhuma" tana nufin mai ƙara ya dakatar da shari'ar, kotu ba ta kai ga cewa ya yi ko bai yi ba. A 2014 an gurfanar da wata yarinya 'yar shekara 14 a jihar Kano bisa tuhumar sanya maganin ɓera a abincin da mijinta da wasu mutum uku suka ci suka mutu, aka yi ta muhawara a kanta a rediyo da majalisun unguwa. A 2015 gwamnatin jihar ta janye tuhumar, babbar kotu da ke Gezawa ta sallame ta. Mai ba da labarin wannan shari'a idan ya ce an same ta da laifi ya yi mata ƙage, idan kuma ya ce kotu ta wanke ta ya ƙara abin da kotun ba ta faɗa ba.