Tafiyar keke daga Kano zuwa Abuja don talakawa: ya za mu shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu matasa ne a Kano, muna son mu hau kekuna zuwa Abuja domin jawo hankalin jama'a kan talauci. Wasu na cewa wahalar banza ce. Tana da amfani? Kuma wane shiri za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya yi muku albarka da wannan niyya. Tana da amfani, amma da sharaɗi.

Ba wanda za ku sanar da shi akwai talauci a garuruwan da za ku ratsa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Don haka ku zaɓi abu guda da za a gani da ido: gyaran rijiyar burtsatse a ƙauye kaza, ko kujerun makarantar firamare kaza. Shi za ku faɗa a gidan rediyo, shi za ku nema wa taimako.

Haka ƙungiyar Bike & Build ta yi a Amurka. Tun 2003 matasanta suka riƙa ratsa ƙasar daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku, kowa sai ya tara gudunmawa kafin ya hau, kuma a wasu ranaku sukan jingine kekuna su kama aikin gina gidaje ga marasa galihu. Wannan tsarin nake so ku ɗauka. A zango ake yin aikin, don haka ku aika wa hakimai da masu unguwanni takarda tun da wuri, ku zauna ku saurari mutane, kada ku tsaya ɗaukar hotonsu ba da izini ba. Talaka ma yana da mutuncinsa.

Hanyar ta haura kilomita 400, ta Zariya da Kaduna. Ga wanda bai saba ba, kilomita 70 zuwa 80 a rana sun isa. Ku fita bayan sallar asuba, ku sauka kafin rana ta take. Lokacin hunturu ya fi, domin iskar daga arewa maso gabas take kaɗawa, tana bayanku ke nan. Maris da Afrilu kuwa ku kauce musu. Ku yi atisaye na aƙalla wata biyu, ku sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, ku riƙe haɗin gishiri da sukari. Wanda ya fi kowa rauni shi ke yanke saurin tafiya.

Dole mota ta biyo ku da ruwa, magunguna, famfo, tayoyi da mai faci. Ku sanar da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra, ku sa riguna masu ƙyalli da hular kwano, ku jeru a layi ɗaya saboda tireloli. Tsakanin Kaduna da Abuja ku bi shawarar jami'an tsaro. In sun ce ku loda kekuna a mota, ku loda. Tafiyar dare babu ita sam.

Batun kuɗi kuma, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, ku raba kuɗin abincinku da na taimako, kuma bayan kun dawo ku wallafa abin da ya shigo da inda aka kashe shi.