Wace bindiga ta dace da farautar Namibiya?

Alhaji, ka ce daga Birnin Kebbi za ka tafi Namibiya farautar namun fili irin su kudu (wata babbar dabba dangin barewa mai murɗaɗɗen ƙaho), kanki da jakin dawa, kana tambayar wane harsashi za ka zaɓa. Ni dai bindiga mai cin harsashi samfurin .30-06 zan ce maka, da kan harsashi mai nauyin giren 180 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi). Tun 1906 ake harbi da ita, harsashinta ba ya wahalar samu, kuma ba ta bugun kafaɗa har mutum ya fara runtse ido kafin ya ja kunama. Wannan runtsewar ita ke sa a raunata dabba a bi jini har magariba, ga shi kuma kuɗinta sai ka biya ko ba a same ta ba.

.308 ma ta isa. Idan filin buɗe yake, ana harbi daga mita 300, .300 Winchester Magnum ta fi, amma tana da naushi. .375 kuwa ta ɓauna ce, ba ka da buƙatarta. Dokar Namibiya ba ta yarda da harsashin da kaurinsa bai kai milimita 7 ba.

Kuma kada ka wahalar da kanka da takardun fitar da bindiga daga Najeriya. Masu gandun farautar suna ba da hayar bindiga. Ka gwada ta a kan sandunan da ake jingina bindiga a kansu lokacin harbi ranar da ka sauka.