Abin da Ake Ɗurawa a Buhun Naushi

Ka ce, "Maigida, yashi ga shi kyauta, me zai hana mu ɗura shi kawai mu ɗinke?" Ajiye basillar nan tukuna, ɗana, ka saurara.

Yashi ba ya zama inda aka zuba shi. Duk naushin da aka kai wa buhun, sai ya ƙara gangarawa ƙasa ya cushe, sama ta zama fanko, gindi ya koma kamar dutse. Damina na faɗuwa ya sha danshi, ya ƙara tauri. Ɗan damben da ya kawo mana aikin nan, in ya shiga fili hannunsa na mashi, wato wanda yake naushi da shi, a naɗe yake da ƙyalle da zare, amma a gida sau da yawa haka nan zai riƙa dukan buhun. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, wanda ke bayan ƙaramin yatsa shi ya fi saurin karyewa, wuyan hannu kuma ya gurɗe. Da hannun nan yake neman abinci. Ba zan yarda a ce buhun da ya fito daga rumfata ne ya nakasa shi ba.

Ka je wurin teloli a babbar kasuwa ka kwaso guntayen yadi. Ka cire zif da maɓalli duka, ko guda kada ka bari. Ka zuba kamu ɗaya, ka danne da taɓarya, ka sake zubawa. Yashi yana da amfaninsa, shi ke ba da nauyi, sai dai a ƙananan jakunkuna ake ƙulle shi, a jera su a tsakiya, tsumma ya kewaye su ta ko'ina. Nauyin buhu kusan rabin na mai shi ake so: mai kilo 70, ka yi masa 30 zuwa 35.

Fata kuwa, ƙirgin saniya. Ta akuya ta jaka ce da matashi, miƙewa take yi. Mai ƙaramin ƙarfi a ninka masa tamfol biyu. Ɗinki layi biyu da zaren nailan, maɗauri huɗu a baki.

In ɗan damben ya zo ɗauka, ka gaya masa kada ya rataya a azarar ɗaki, girgizar tana tsaga rufin soro. Ya nemi reshen bedi mai kauri, ko mai walda ya kafa masa ƙarfe da siminti. Da hunturu ya riƙa shafa wa fatar man kaɗe, kada ta bushe ta tsattsage.