Dalilin da nace ka kwana a barga

Ɗana naga saƙonka, kace tunda kai ke kwashe kashi da asuba kai ke ɗebo ruwa kai ke yanka harawa, meyasa kuma zan ɗora maka kwana gefen godiyar nan alhali lafiyarta ƙalau tana cin abincinta. Banji haushi ba wallahi, nima na taɓa yiwa maigidana irin wannan tambayar.

Cikin godiya wata 11 ne, kwana 340 ko ya ɗan ɗara ko ya ɗan gaza, ita kuma wannan tun damina waccan aka kaita barbara gun ingarman nan akawal, ka lissafa da kanka kaga inda muke. Gobe in kazo share mata jiki ka durƙusa ka duba hantsarta, sati biyu kenan tana cika, in kaga wani abu kamar kakin zuma ya daskare a bakin nonon to saura kwana ɗaya ko biyu, sannan ka taɓa gindin wutsiya zakaji naman gurin ya saki yayi laushi. Kuma yawancinsu da dare suke haihuwa lokacin da ƙafa ta ɗauke, wata ma in taji motsin mutum sai ta riƙe, shiyasa nace ka shimfiɗa tabarmarka bayan zana, banda kunna rediyo banda haska mata tocila a ido.

Da zarar faya ta fashe abin baya wuce minti 20 zuwa 30. Ina saurayi maigidana ya barni gadin wata kili, naga tana tsaye tana taunar dusa nace bari inje gun mai shayi in dawo, ban ko shanye kofin ba na taso amma na tarar ɗan a ƙasa jakar ta rufe masa hanci, ita kuma uwar ta gaji tana kwance. Da ina gurin yatsa biyu kawai zan sa in yage. Wata 11 na gero da harawa da kanwa ya tafi a haka, har yau in na tuna sai inji ƙirjina yayi nauyi.

To ga abinda zaka gani in komai na tafiya daidai, kofato biyu na gaba su fara leƙowa tafinsu na kallon ƙasa, ɗaya ya ɗan riga ɗaya, hanci na kwance a kansu. In haka ne ka cire hannunka ka zauna. In kaga ƙafa ɗaya kaɗai, ko tafin kofato na kallon sama, ko wata jar jaka ta riga fitowa, ko tayi minti 20 tana nishi ba komai, ka bugo min waya a take ko ƙarfe nawa ne ni zan taso likitan dabbobi. Dan Allah karka ja da ƙarfin tsiya, kuma karka yanke cibiya, da kanta take tsinkewa in uwar ta miƙe, kai dai ka tsoma guntun a aidin saboda ta nan ciwo ke shiga.

Ɗan ya kamata ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, dakashin nan na farko shine garkuwar jikinsa kuma in ya kwana ya wuni bai sha ba ko ya sha daga baya bazai masa amfanin ba. Mabiyiya kuma kar ta wuce awa uku bata faɗo ba, ka ƙulle ta sama kar ta taka, banda fizga, in ta faɗo ka ajiye min a bokiti zan shimfiɗa ta in duba ko wani yanki ya saura a ciki.

Kwasar kashin ma da kake ƙorafi, in ka tarar ya ragu ko ya bushe ƙanana ƙanana ka faɗa min kafin ka share, doki baya amai, ciwon ciki na iya kada shi a dare ɗaya.

Yau ka sauya mata shimfiɗa da busasshiyar ciyawa, ka kwance mata dabaibayi da turke, ka cika wayarka da caji. Aikin safe na ɗauke maka har ta sauka, ƙaninka zai ɗebo ruwan.