Tafiya Bakin Teku Da Kare: Tambayoyinku, Amsoshin Likitocin Dabbobi

Hutun ƙarshen shekara ya matso, kuma wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon daga masu shirin gangarawa kudu ne da iyalansu, Legas ko Badagry ko Kwatano, wasu har da karen gida. Ga waɗanda muka zaɓa.

Daga wani mai karatu a Jos: Likita, ina da kare jinsin Kokeshiyan, shekararsa uku, nauyinsa kilo 55. Za mu Badagry da mota a watan Disamba, mu yi mako guda. Ba na son barinsa a hannun yara. Yaya zan shirya?

Malam, kafin maganar shiri, mu yi maganar ko ya dace ya je ma. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, ɗan abin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai. Haki shi ne fankarsa: yana zaro harshe, iska ta busar da danshin baki da maƙogwaro, jini ya huce. Wannan dabara tana aiki ne in iskar busasshiya ce. A bakin teku iskar ta riga ta sha ruwa ta ƙoshi, danshinta kan haura kashi 80 cikin ɗari, sai kare ya yi ta haki babu abin da ke bushewa, hakin kansa kuma yana ƙara masa zafi. Shi ya sa karen da ya jure zafin bazarar Kano kan iya faɗuwa a Legas ranar da ma'aunin zafi bai wuce 31 ba. To balle naka, mai gashi ninki biyu, wanda ya tashi a tudun Jos mai tsawon mita 1,200 da ɗoriya. A ganinmu, irin wannan kare da masu gajeren hanci kamar buldog gara a bar su gida a hannun wanda suka sani.

In dai tafiyar ta zama dole, raba ta kwana biyu. Daga Jos ta Abuja, Lokoja, Okene, Akure, Ibadan har Badagry ya haura kilomita 1,000, ga cunkoson Legas a ƙarshe, lokacin da kowa ya riga ya gaji. Ku riƙa tashi da asuba. Karen ya zauna a keji a cikin motar inda sanyin esi ke kaiwa, ba a rufaffen but ba, ba kuma a bayan a-kori-kura ba, inda ƙarfe ke gasa masa ƙafa. Awon keji kuwa: ka auna daga bakin hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara rabin tsawon da ke tsakanin ƙasa da gwiwar ƙafarsa ta gaba, wannan shi ne tsawon kejin. Faɗinsa ninki biyu na faɗin kafaɗa, tsayinsa kuma yadda zai miƙe tsaye kunne bai taɓa rufi ba. Ka ɗaure kejin da igiya a jikin motar, domin kilo 55 da aka taka wa birki farat ɗaya dutse ne. Ka sayo shi tun saura mako biyu, ka riƙa sa masa abinci a ciki har ya ɗauke shi ɗakinsa.

Kowane awa biyu zuwa uku a tsaya, a sa masa igiya tun kafin a buɗe ƙofa, ya sha ruwa ya zaga. Kare na bukatar kimanin mililita 60 na ruwa kan kowane kilo a yini, naka ke nan lita uku da wani abu, a zafi kuwa sai ka ninka. Cika jarka daga gida. Kada a bar shi cikin mota a kashe ko da don sallah ko sayen abinci. Motar da aka ajiye a rana kan ƙara wajen digiri goma cikin minti goma, kuma sassauta gilashi ba ya hana komai.

Alamun zafi ya kama shi: haki mai ƙara, harshe ya faɗaɗa ya yi jawur, miyau mai kauri yana dalala, sai tangaɗi, sai amai. Zafin jikin kare lafiyayye tsakanin 38 ne da 39.2, in ya kai 41 rai ne a hannu. Nan take a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a ciki da hammata da cinyoyi, a kunna esi ko a yi masa fifita, sannan a nufi likita. A fara sanyaya shi kafin a kama hanya. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, tawul ɗin zafi yake riƙewa.

Daga wata mai karatu a Kaduna: Karyata da ta shiga mota sai amai. Wani ya ce in ba ta maganin barci ta kwanta har mu isa.

Hajiya, kada ki bi wannan shawarar. Maganin barci yana sauke hawan jini, yana rage wa kare iya haki, ga shi ba za ta iya daidaita tsayuwarta ba in mota ta yi kwana. Wadda aka bugar, in ta yi amai, tana iya shaƙe shi ya tafi huhu. Haka nan kada a ba ta tiramadol, ko ibuprofen da diclofenac na mutane. Biyun ƙarshen nan suna huda ciki suna lalata ƙoda.

Abin yi shi ne a ɗauke abinci awa uku zuwa huɗu kafin tashi, amma a bar ruwa. Kejin ya fuskanci gaba. Akwai maganin amai na karnuka mai suna maropitant, ana sayar da shi da sunan Cerenia, ana ba da miligiram 8 kan kowane kilo, awa biyu kafin tafiya. Likitanki ya auna ta ya rubuta. Sau da yawa kuma tsoro ne ya fi juwa yawa, don karen da bai taɓa shiga mota ba sai ranar allura ya riga ya haɗa mota da wuya. Riƙa fita da ita zagayen minti biyar, gobe goma, jibi ashirin, kuna dawowa gida lafiya lau.

Daga wani mai karatu a Abuja: Shin zan iya barinsa ya yi iyo? Kuma in ya sha ruwan teku akwai matsala?

Akwai, babba ma. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wato cokalin cin abinci biyu. Gishiri kan fara zama guba ga kare daga giram 2 zuwa 3 kan kowane kilo, ka ga kare mai kilo goma bai bukatar shanye lita guda. Kuma ba sai ya tsaya ya lasa ba. Duk lokacin da ya cafko ƙwallo daga ruwa yana haɗiyar maƙwarwa. Ɗan kaɗan zai sa shi zawo kamar an buɗe famfo, ya wuce zuwa washegari. In ya yi yawa, gishirin yana zuƙe ruwa daga ƙwaƙwalwa: sai rawar jiki, ruɗewa, tafiya kamar mashayi, jijjiga. A nan ne mutane ke yin kuskure na biyu, su tura masa bokiti ya shanye. Sauke gishirin jini farat ɗaya yana kumbura ƙwaƙwalwa. A ba shi kaɗan-kaɗan, a kai shi asibiti a sa masa ƙarin ruwa a hankali. Rigakafin mai sauƙi ne: ya sha ruwan gida kafin ya taka yashi, a sake miƙa masa kwano duk minti goma sha biyar. Wanda ya ƙoshi ba ya neman na teku.

Iyo kuwa, tekun gaɓar Legas da Binin da Togo ba kogin wasa ba ne. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa na fashewa da ƙarfi daf da tudu, sannan akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu kamar kwata. Abin yaudarar shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: wani ɗan layi ne mai duhu inda igiya ba ta fashewa, kumfa da shara suna bin sa suna yin ciki. Ka riƙe shi da doguwar igiya, mita biyar zuwa goma, a ɗaure a ɗamarar ƙirji ba a wuya ba, ruwa kada ya wuce masa gwiwa. In ruwa ya ja shi, kada ka bi shi. Ka kira masunta ko masu ceto, ka bi gaɓa kana kiran sunansa. Inda aka kare da shingen duwatsu, irin Tarkwa Bay da ake zuwa da jirgin ruwa, ya fi sauƙi.

Yashin ma da nasa. Ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga bakwai. In ba ka iya ba, shi ma ba zai iya ba. Fita da safe kafin ƙarfe tara ko bayan la'asar. Jiƙaƙƙiyar ƙwallo tana kwasar yashi, ya haɗiye sau talatin sau arba'in, ya taru a hanji ya daskare kamar bulo. Washegari sai amai da yunƙurin kashi babu komai. Ka lura da inda masunta ke jan koma: mataccen talibamban da suka yar yana da dafin da ke shanye numfashi, babu kuma makarinsa. Fatsa mai ɗauke da guntun kifi ita ma tana nan. In ya haɗiye ta zare na leƙe a baki, kada ka ja, kada kuma ka yanke shi gajere. Ɗaure bakin zaren a abin wuyansa ka kai shi likita. Da kun tashi, wanke shi da ruwan daɗi har tsakanin yatsu, ka tsane cikin kunnuwa, domin gishiri da laima su ne mafarin ƙaiƙayi da ruɓewar kunne.

Abincinsa ka taho da shi daga gida. Ragowar tsire mai albasa, ƙayar kifi, totuwar masara da goro duk a nesanta su da shi.

Daga wani ɗan kasuwa a Kano: Za mu tsallaka iyaka ta Seme zuwa Grand-Popo a Jamhuriyar Binin. Waɗanne takardu ake nema?

Alhaji, fara shiri tun saura wata biyu. Ginshiƙin komai shi ne katin allurar ciwon haukan kare, mai ɗauke da kwanan wata, lambar kwalba da hatimin likita mai rajista. Galibi ana so allurar ta kwana talatin da yi amma ba ta shekara ba, don haka wadda aka yi jiya ba ta tsallakar da kowa. Kwikwiyon da bai kai wata uku ba ba a yi masa ita, shi ke nan ba shi da tafiya. Sai takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati, wadda ake yi cikin kwanaki goman ƙarshe, da izinin fita da dabba. Jami'an NAQS, wato hukumar da ke sa ido kan shige da ficen dabbobi da amfanin gona a Najeriya, su ne ke duba su a kan iyaka. A dasa masa 'yar na'urar shaida mai lamba 15 a ƙarƙashin fatar wuya kafin allurar, lambar ta fito a kowace takarda. Abin da mutane ke mantawa shi ne dawowa: a idon hukuma shigo da dabba Najeriya ne, da nasa izinin, a nema tun kafin a fita. Yi kwafi biyu na komai. Kai ma kada ka manta da katinka na allurar cutar shawara.

Daga wata mai karatu a Zariya: Bara mun dawo daga Legas da mako ɗaya sai ga ƙuraje kamar maruru a cikin karen da ƙafafunsa, kowanne da ɗan rami a tsakiya.

Wannan aikin ƙudan da ake kira tumbu ne. Yana zuba ƙwai a yashi mai inuwa da aka yi wa fitsari, ko a shimfiɗa mai laima. Kare ya kwanta, tsutsar ta huda fata ta zauna tana girma kwana takwas zuwa goma sha biyu. Ramin nan da kika gani ta nan take numfashi, in kika ƙura ido za ki ga ɗan farin abu yana leƙowa yana komawa. Toshe shi da man basilin, jira 'yan mintoci, sannan ki matsa daga gefe biyu a hankali, za ta fito sumul. Kada ta fashe a ciki, guntunta ke kawo ruɓa. A wanke da ruwan gishiri kaɗan ko aidin. In sun yi yawa ko suna kusa da ido, aikin likita ne. Bana ya kwana a kan tabarma ko dandamali, a riƙa shanya shimfiɗarsa a igiya cikin rana.

Tun da an zo nan: saura mako guda a ba shi maganin kaska da ƙuma, irin NexGard mai wata ɗaya ko Bravecto mai mako goma sha biyu, da maganin tsutsar ciki. Bayan dawowa a sa masa ido har wata guda. Zazzaɓi, ƙin abinci, dasashi ya yi fari, ko ido ya yi hazo kamar an shafa madara, na iya zama cutar kaska ko sammore da tsando ke sa wa a dazukan kudu. Gaya wa likita inda kuka je, don ya san abin da zai nema a jini.

Daga wani mai karatu a Minna: Masauki fa, da jama'ar da ba sa son kare ya raɓe su?

Buga waya ka tambaya kafin ka biya, ka faɗi girmansa, a rubuto maka amincewar a saƙo. Bakin ruwa da yawa a Legas na 'yan kasuwa ne, kowane da dokarsa a bakin ƙofa. A cikin jama'a igiya gajera, mai cizo kuma da takunkumin kwando wanda zai bar shi ya yi haki, ba na ƙyalle mai ɗaure baki ba. Nesanta shi da inda ake shimfiɗa darduma da inda ake cin abinci, kwanonsa daban. Kashinsa ka kwashe a leda, kada ka binne: ƙwan tsutsar da ke ciki yana ƙyanƙyashewa a yashi, ya shiga tafin ƙafar yaran da ke wasa ba takalmi, ya bar musu jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya a ƙarƙashin fata.

Karnukan da ke yawo a gaɓa kada a bari su haɗu. In ɗayansu ya ciji naka, wanke ciwon da sabulu ka kai shi a ƙara masa allura a ranar. In mutum ya ciza, sabulu da ruwa mai gudu minti goma sha biyar cur, sannan asibiti a fara allura ranar nan, ba a jira a ga ko karen zai haukace. Ka rataya masa lambar wayarka a wuya, ka kuma ɗauki hotonsa na kwanan nan a waya kafin ku bar gida.