Na gaji fistol ɗin Baba, in sayar ko in ajiye?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina neman shawara. Bayan rasuwar mahaifinmu muna kwashe kayan ɗakinsa sai muka tarar da ƙaramar bindiga fistol a ƙasan akwati da harsashi kaɗan, yanzu wani a unguwarmu ya ce zai saya da kuɗi mai kauri, ƙannena kuma sun matsa wai a sayar a zuba kuɗin cikin gado, ni kuma ga halin tsaro sai nake ganin ko in riƙe abata. Ya zan yi? Daga wani mai karatu a Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa kar ka sayar, kuma gaskiya ajiyewar ma ba mafita ba ce. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 fistol tana cikin jerin bindigogin da aka haramta, shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinta, ba kamar bindigar farauta da Sufeto Janar ke ba wa lasisi ba, ko ta toka da ke hannun kwamishinan 'yan sanda. Ko da Baba yana da takarda, lasisin nasa ne shi ɗaya, ba a gadonsa kamar gona, in kuwa tsohon ma'aikacin tsaro ne to wataƙila ma kayan gwamnati ce tun asali. Wanda aka kama da irinta babu izini ɗaurin shekara 10 ake magana.

Shi kuma mai sayen nan, ka tambayi kanka me zai yi da ita? Mutumin da ke neman fistol ta bayan fage a Zamfara ta yau, wallahi ba ado zai yi da ita ba, kuma tana da lamba a jiki, duk ranar da aka kama shi sunanka zai fara kira, ka ga kuɗin gadon sai ya ƙare a wajen lauya da beli.

Abin yi, kar ka ɗauke ta ka sa a aljihu ka nufi caji ofis, a shingen hanya ma za a iya tare ka. Kar ka yi ta juya ta kana gwadawa, ƙila akwai harsashi a ciki, ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa. Ka samu lauya ya rubuta wa DPO ko kwamishina, ku haɗa da takardar shaidar rasuwa da duk wata takardar bindigar da kuka gani, in da hali mai unguwa ya shaida, su zo su karɓa su ba ku rasit a rubuce. Ƙannenka kuma ka karanta musu wannan amsar, sauran dukiyar ku raba.