Fiffiken Azurfa a Adakar Kaka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Daga Aboabo nake rubuto maka, a Kumasi. Bayan rasuwar kakarmu muka buɗe adakar ƙarfen mijinta, wato kakanmu, wanda ya daɗe da rasuwa. A ƙarƙashin tsofaffin rigunansa muka tarar da bajo guda biyu masu siffar fikafikan tsuntsu. Ɗaya na farin ƙarfe ne da ya dafe, da garkuwa a tsakiya. Ɗayan na ƙyalle ne, an ɗinka masa kambi a sama da haruffan RAF. Iyayenmu sun ce kuku ya yi wa Turawan jirgin sama a Akra lokacin yaƙin Hitila. Wani mutum ya ga hotonsu a wayar yayana, ya ce jabu ne, amma zai taimaka ya saya. Yaya za mu gane gaskiya? Kuma in goge na ƙarfen da toka?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan tsofaffin nan, ya sa Aljanna ce makomarsu. Kafin komai, ajiye tokar nan. Kada toka ta taɓa shi, kada lemun tsami, kada man goge ƙarfe. Baƙin da kike gani ya shige cikin tsagar gashin fiffiken shekaru ne suka zuba shi, kuma shi ne abin da mai saye na gaskiya zai fara dubawa. In kika goge shi ya yi fes, kin share shaidarki da hannunki.

Mutumin da ya ce jabu ne amma zai saya, ku bar shi ya jira. Na haura shekara talatin ina sana'ar tsofaffin kaya a Akra, daga duwatsun ado da tsofaffin kuɗi har lambobin soja, ban taɓa ganin wanda ya sa kuɗinsa a jabu don tausayi ba. Kushe kaya dai salon ciniki ne, duk ɗan kasuwa ya san shi.

Labarin iyayenku ya hau kan hanya. Tun daga watan Satumba na 1940 Ingila take sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a tashar ruwan Takoradi, a harhaɗa su a nan, matuƙa su tashi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi zuwa Khartum, daga can su gangara Masar. Jirgi sama da 5,000 ya bi wannan hanya. Amurkawa kuma sun shigo Akra a 1941 ta hannun kamfanin Pan American, a 1942 sojojinsu suka karɓi aikin, filin jirgin Akra ya zama babban zangonsu. Mutanenmu na zango da yawa sun yi musu kuku da wanki da gadi da tuƙi. Bature in zai koma gida ya ciro bajonsa ya miƙa wa wanda ya shekara yana dafa masa abinci, ba abin mamaki ba ne. Sai dai labari daban, ƙarfe daban. Dole ƙarfen ma ya ba da tasa shaidar.

Na ƙarfen, yadda kika siffanta shi, na matuƙan sojan saman Amurka ne. Juya shi ki dubi bayansa, don mai yin jabu a gaba yake ƙarar da ƙoƙarinsa. Na asali bugawa ake yi: a sa fallen azurfa a tsakanin ƙarafa biyu masu zane, inji ya danna da ƙarfi, sannan a yanke gefen. Shi ya sa kowane gashi yake fitowa da kaifinsa, bayan ya yi sumul, a gefen kuma za ki ga 'yan siraran layuka a tsaye inda wuƙar inji ta bi. Yawancin jabun kuwa zubi ne. A ɗauki na asali a kwafi siffarsa, a narka ƙarfe a zuba.

Kuma ke da kike Kumasi kin fi ni sa'a, domin masana zubi suna kusa da ke. Ni a hannunsu na koya, bayan na sha kashi. Shekarun baya wani ya kawo mini fiffike a shago, da labarinsa mai daɗi, na biya ban ko yi ciniki sosai ba. Da na zo Kumasi sai na nuna wa wani tsoho mai zubin tagulla a Krofofrom, inda suke aiki da kakin zuma. Bai yi minti ɗaya da shi ba. Ya kai shi bakin ƙofa inda rana take, ya sa farce a bayan, ya nuna mini 'yan ramuka ƙanana kamar sawun tsinin allura, ya ce iska ce ta maƙale lokacin da ƙarfen yake sanyi. Ya juya gefen, ga sawun magagari inda aka goge bakin zubin. Har kalmar STERLING da ke baya ta fito a dagule, kamar an rubuta ta a kan sabulu, don tare da jikin aka zuba ta. Na koma Akra jikina a sanyaye, amma har yau fiffiken yana cikin aljihun tebur ɗina, da shi nake gwada duk wanda aka kawo.

To ki nemi gilashin da masu gyaran agogo suke maƙalawa a ido, ki duba waɗannan abubuwa da rana. Ki auna tsawonsa: cikakken na ƙirji wajen inci 3 ne, na zubi kuwa yakan ɗan gaza, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Akwai ƙanana na inci 2 da ake sa wa a shat, kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ki. Ki kusanto da mayen ƙarfe jikin fiffiken. Azurfa ba ta amsa masa. In akwai STERLING, ma'anarsa kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce. Wani lokaci za ki ga sunan maƙera, irin su N.S. Meyer na New York, ko Amico, ko Luxenberg. Rashin suna ba aibi ba ne, da yawa na lokacin yaƙi ba su da shi. Waɗanda aka ƙera wa Amurkawa a Ingila, kamar na J.R. Gaunt, sau da yawa ma ruwan azurfa aka yi wa tagulla, kuma na gaske ne. Amma in kika ga harafi haɗe da lamba, kamar M22, to bayan yaƙi aka yi shi da shekaru. Dubi fil ɗin da maƙallinsa ma. Tsohon liƙi yakan dafe daidai da sauran jikin. In fiffiken baƙi ne amma liƙin yana walƙiya, an taɓa shi.

Na ƙyallen na RAF ne, wato sojan saman Ingila, su a kan riga suke ɗinka nasu. Kambin za ki fara duba. Na zamanin Sarki George na shida samansa a dunƙule yake kamar tulluwa. Wanda ya lotsa a tsakiya na Sarauniya Elizabeth ne, ita kuwa sai 1952 ta hau gado, don haka ba zai zama na yaƙin Hitila ba. Fiffike biyu na matuƙi ne. In ɗaya ne da harafi, kamar N ko AG, na mai duba hanya ne ko mai harbi. Ki kai shi wurin mai canjin kuɗi, ki roƙe shi ya haska shi da fitilar nan da suke duba takardun kuɗi. Tsohon zare ba ya ɗaukar ido a ƙarƙashinta, sabon fari kuwa sai ya yi ta ƙyalli shuɗi-shuɗi. Amma in an taɓa wanke shi da omo, tsohon ma zai yi ƙyallin, saboda haka kada ki yanke hukunci da fitila kaɗai. Ki dubi gefensa ko akwai ragowar zare da ramukan allura inda aka ɓanɓare shi daga riga.

Batun kuɗi kuwa, gara in faɗa miki tun yanzu don kada 'yan'uwa su fara rabon gado a zuci. Amurka ta horar da matuƙa dubbai a yaƙin nan, fikafikansu suna da yawa a duniya. Ko na gaske ne, ba zai sayi fili a Aboabo ba. Abin da yake ɗaga darajarsa shi ne a san na wane ne. Ku koma cikin adakar nan ku zazzage ta a hankali. Turawan lokacin sukan rubuta wa kukunsu takardar shaida in za su tafi, da suna da muƙami da kwanan wata. In kun sami irinta, ko hoto, ko ambulan, ku haɗa su wuri ɗaya da bajon, kada a raba su ko da wasa. Ki zauna da wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ki ɗauki muryarsa a waya yana faɗin abin da ya ji daga bakin kakanku. In ni ne, ba zan sayar ba. Ki naɗe su a farin ƙyallen auduga, ban da leda, don damshin Kumasi yana cin ƙyalle. In kin sami sarari ki leƙa gidan tarihin soja da ke tsohon sansanin soja na Kumasi, ki ga kayan zamanin da idonki.

TAMBAYA: Baba, ni ɗan Nima ne. Na sami bajon tagulla mai bishiyar kwakwa da haruffan RWAFF. Na sojan sama ne?

AMSA: A'a, ɗana, na sojan ƙasa ne, rundunar da Ingila ta haɗa daga Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Najeriya da Saliyo da Gambiya. Su ne suka je Bama a runduna ta 81 da ta 82, kuma kirarin ta Gwalkwas da Hausa yake: Kullum Shiri. Harafin R ɗin farko a 1928 aka ƙara shi, to naka bai girmi wannan shekara ba. Juya bayan ka dubi kunnuwan da ake zura fil a ciki, ka aiko mini da hotonsu a hasken rana.